Bakin Farko Ya Tashi, Na Biyu Ya Yi Gum: Yadda Ake Gano Ciwon Tsohuwar Bindiga Mai Baki Sama da Ƙasa

Wata Asabar cikin sanyin Disamba, an gama yankan dawa, ina bin gefen gonata da sassafe sai fakara biyu suka tashi a gabana. Na ɗaga, na ja kunama, bakin ƙasa ya amsa, ɗaya ta faɗo. Na bi ta biyun na sake ja. Shiru. Ko 'yar ƙarar nan ta "ƙas" da gudumar cikin bindiga ke yi in ta faɗa kan mataccen harsashi ban ji ba. Kunamar ta tafi baya sakwa-sakwa kamar ba a haɗe take da komai ba, fakara kuwa ta yi gaba abinta.

Makon bindigar uku ke nan a hannuna. Mai baki biyu ce, irin wadda bututu ɗaya ke bisa ɗaya, lamba 12, kunama ɗaya, ƙirar Turai. Na saye ta a hannun magadan wani dattijo, kuma sai da aka gama sauya takardu na ɗauko ta, don a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake riƙewa. Wanda ba shi da wannan takarda, maganata ba da shi take ba. 'Ya'yan marigayin ba su ɓoye mini komai ba: ta fi shekara shida a jingine bayan sif, ba mai taɓa ta sai autansu da kan shafa mata mai jefi-jefi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, saboda haka ban ji haushi ba. Abin da na yi tun daga bakin gonar nan har ranar da ta warke shi zan shimfiɗa maka, har da inda na so in yi kwaɓa.

Tun kana tsaye a dajin

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka buɗe nan take, kada kuma ka juyo da bakin wajen fuskarka ko wajen abokin tafiya. Riƙe ta yadda take, baki na kallon inda ba kowa, ka ƙirga talatin a hankali. Harsashin da ya sha danshi yakan yi jinkirin kamawa, kuma gara ya tashi a rufe da ya tashi bindiga na buɗe a hannunka. Bayan haka ka kawar da fuska, ka tura liba, wato ɗan hannun ƙarfen da ke buɗe bindiga, ka karya ta, wato ka buɗe ta.

Yanzu ka ciro harsashin da ya ƙi tashi ka dubi gindinsa. Wannan ɗan zagayen ƙarfe da ke tsakiya, wanda allura (ɗan tsinken ƙarfen da guduma ke bugawa) ke soka, ni cibiya nake ce masa, kuma shi ne shaidar da ba ta ƙarya. In cibiya na nan sumul ba ko ƙwarzane, guduma ba ta faɗi ba sam, ko kuma allurar ta karye. In akwai ɗan lotsawa marar zurfi, guduma ta faɗi amma ba ƙarfi. In kuwa ramin ya yi zurfi daidai da na kwanson da ya tashi, bindigarka ba ta da laifi, harsashi ne ya mutu. Harsashin da ya kwana biyu a shagon da ke yoyo da damina yakan yi haka. Kada ka zubar da kwanson da ya tashi, jefa shi aljihu tare da wanda ya ƙi, don sai an jera su gefe da gefe ido ke ganin bambancin.

Nawa harsashin na bakin sama fes yake, kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Na sa shi a bakin ƙasa na harba sama ga fili, ya tashi garau. Harsashi ya fita daga zargi ke nan.

Tun da bindiga a karye take, leƙa bututu biyun daga baya zuwa haske. Wannan ya zame maka al'ada, ko da ciwo ko babu. Zanzaro na son bututun bindigar da aka jingine, ya shiga ya gina ɗakinsa na laka, laka kuwa in ta bushe a ciki ta isa ta kumbura bututu ko ta fasa shi. Haka ma in harbi ya fita da 'yar ƙara marar ƙarfi, kada ka sake lodi sai ka leƙa, don toshin roban da ke cikin harsashi kan maƙale a hanya.

Gwajin da ya raba mini gardama

Yawancin masu kunama ɗaya suna da mazaɓi, wato abin da ke zaɓar bakin da zai fara tashi. A da yawa yana haɗe da sefti, wato ɗan makullin da ke hana bindiga tashi, a bayan liba: wasu an yi musu alamar ɗigo ɗaya da ɗigo biyu, wasu haruffan O da U. A Baikal ta Rasha mai kunama ɗaya kuwa kunamar ake turawa gaba. Ka sauya jeren, bakin da ya ƙi ya zama shi ne na farko, ka sake gwadawa.

Amsa biyu ce kawai za ka samu. In bakin nan dai ya sake ƙi, ko shi ne na farko ko na biyu, ciwon na wannan baki ne shi kaɗai: allurarsa, sifirin ɗin gudumarsa, ko sandar da ke ɗana gudumar. In kuwa ya tashi lafiya da ya zama na farko, ɗan'uwansa da ya koma na biyu ya yi gum, to bakunan biyu lafiyarsu lau. Abin da ke miƙa kunama daga na farko zuwa na biyu shi ne ya kwanta.

Tawa haka ta yi. Na fara da sama, ya tashi, ƙasa ya ƙi. Na fara da ƙasa, ya tashi, sama ya ƙi. Harsashi biyu na kashe, na san inda zan nufa. Na ga mutumin da ya sayi allura biyu da sifirin biyu daga ƙasar waje, ya jira wata uku, ya sa, ciwo na nan daram, don bai yi wannan gwaji na minti biyar ba.

Kafin ka ɗora wa ƙarfe laifi, binciki kanka. Wanda ya saba da mai kunama biyu ko mai baki ɗaya yakan manta ya saki kunamar gaba ɗaya bayan harbin farko, yatsa na danne da ita rabi, sai ya sake ja. Ba za ta tashi ba, dole kunama ta koma gaba tukuna. Da sanyi, yatsa ya sandare, abin ya fi faruwa. Sai ka duba mazaɓi, ko ya tsaya a tsakiya bai kai ƙarshen gefe ba. Sannan ka tuna ko ka buɗe bindigar har iyakarta lokacin lodi, don buɗewar ce ke ɗana guduma, in ka karya ta rabi ka cusa harsashi ka rufe, ta yiwu wata gudumar ba ta ɗanu ba. Sabuwar bindiga mai tauri da tsohuwa mai datti a gwiwa, inda bututu ke juyawa, duk suna jawo wannan.

Ɗan lilo

Masu kunama ɗaya iri biyu ne. Akwai waɗanda jan farko da kansa ke shirya jan biyu, ko an harba ko ba a harba ba. Akwai kuma waɗanda sai naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa ne ke shirya na biyun. Beretta 686 ta Italiya irin ta biyun ce, haka ma yawancin Browning Citori, wadda kamfanin Miroku ke ƙerawa a Japan tun 1973, da kuma bindigogi da dama da aka kwaikwayi tsarinsu. A cikin irin waɗannan akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe a bayan kunama, bai kai kan babban yatsa ba, yana zaune kan ƙusa da ɗan siririn sifirin. Ni ɗan lilo nake kiransa. In harbin farko ya tashi, girgizar ta fizge shi daga ƙugiyar gudumar farko, sifirin ya dawo da shi, ya kama ƙugiyar ta biyu. Duk wannan cikin ƙiftawar ido. Yana da wani aikin kuma: mutum ba ya sani, amma naushin bindiga kan sa yatsa ya sake matsa kunama ba da niyya ba, ɗan lilo ne ke haɗiye wannan matsawar don kada baki biyu su tashi a tare.

Ka ga abin da ke rayuwa da lilo ba ya son komai ya riƙe shi. Ɗan danƙo kaɗan ya ishe shi kwanciya. Harsashi marar nauyi sosai, kamar mai giram 21 ko 24, wani lokaci naushinsa bai isa ya motsa ɗan lilon da ya yi nauyi da datti ba, alhali mai giram 32 zai motsa shi. In bindigarka tana yi da wani harsashi tana ƙi da wani, wannan ma alama ce. Kuma ka sani, a irin wannan tsari in harsashin farko ya mutu, na biyu ba zai tashi ba sai ka sauya mazaɓi, tunda ba naushin da zai miƙa. Wannan halinta ne, ba ciwo ba.

A gida za ka iya gwada shi ba tare da harbi ba. Da farko fitar da duk harsashi mai rai daga ɗakin, ka kai wani ɗaki, ka rufe. Ba wasa nake ba, kuma yara su fita. Ana sayar da harsashin bogi marar albarushi mai sifirin a cibiya don irin wannan aiki. In ba ka da shi, kwanson da aka riga aka harba zai yi na 'yan lokuta kafin cibiyar ta lotse ta daina tare allura. Ni nakan shafa wa gindinsu farin fenti don kada ido ya ruɗe. Kada ka saba jan kunama a kan mazaunin harsashi wayam, allura na iya karyewa. Sa na bogin, rufe, cire sefti, ja: "ƙas". Saki kunama. Sai ka bugi gindin ƙota da tafin hannu da ƙarfi, ko ka dunguri tabarma da shi, baki na kallon sama nesa da kai. Sake ja. In ka ji "ƙas" na biyu, ɗan lilo na motsi. Tawa sai da na buga sau uku da ƙarfin gaske kafin ta amsa, wani zubin ma ta ƙi. Da na ajiye ta a rana ta ɗumama, sai ta riƙa amsawa a bugu ɗaya. Nan na tabbata tsohon mai ne ya daskare, sanyin hunturu ya ƙara masa tauri.

Cire ƙota

Wannan aiki mai bindiga zai iya yi da kansa in yana da haƙuri da kayan aikin da suka dace. Ɓalle katakon gaba, tura liba, ɗauke bututu ka ajiye gefe. Kwance sukurori biyun da ke riƙe da robar gindin ƙota. A ƙarƙashinta za ka ga rami mai zurfi, can ciki akwai kan wani dogon noti da ya ratsa ƙotar ya kama uwar ƙarfe, wato gidan ƙarfen da kunama da guduma ke ciki. Haska da tocila ka ga irin kansa kafin ka zura komai, don wasu tsaga ce, wasu soket suke so, wasu makullin nan mai kusurwa shida.

Ga inda ake ɓarna. In kan notin mai tsaga ne, sukundireba kan zame ta faɗa tsakanin noti da katako, mutum ya ɗauka ta kama, ya murɗa da ƙarfi, gefen ƙota ya tsage. Ƙotar tsohuwar bindiga kuwa samunta ya fi samun kowane ƙarfe wuya. Naɗa wa jikin sukundirebar tef har kaurinta ya kusa cika ramin, yadda ba ta da wurin zamewa, ka tabbata ta zauna cikin tsagar kafin ka murɗa. In noti ya saki, ja ƙotar baya a miƙe, kada ka karkaɗa ta hagu da dama, don bakinta siriri ne.

Da na zare tawa, wari ne ya fara tarbata, warin tsohon man gyaɗa. Autan nan, Allah ya saka masa da niyyarsa, abin da ya samu a kicin shi ya riƙa ɗurawa ta ramin kunama da na allura. Man gyaɗa da manja da duk man da ake ci, in sun daɗe a iska sukan zama danƙo kamar ƙaro. Ƙurar hunturu ta shekara shida ta bi ta zauna a kai. Ɗan lilon sai ka ture shi da yatsa, ya dawo a hankali kamar mai jin barci.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da waya ta gefe biyu. Sannan ka wanke, ba tare da ka cire ko ƙusa ɗaya ba. Kananzir a ƙaramin kwano da tsohon buroshin goge baki su na yi amfani da su. Na jiƙa, na bari minti goma, na goge, na sake, har sau uku, sai da ruwan da ke sauka ya daina yin ja. Na bi lunguna da tsinken sakace. Kananzir kada ya taɓa katako, kuma a waje za ka yi, nesa da murhu da sigari. Na busa da famfon keke na shanya a inuwa har ya bushe sarai. Sai mai: in akwai man bindiga, to, in babu, man keken ɗinki ya wadatar. Ɗigo ɗaya a bakin tsinke, a kan ƙusar da ɗan lilo ke juyawa, ɗaya a ƙusar kowace guduma, ka goge abin da ya malalo. Giris ba ya shiga nan. Wurin giris shi ne gwiwa, inda bututu ke juyawa, da inda ƙarfen katakon gaba ke gogar uwar ƙarfe, shi ma shafa kaɗan, a goge a sabunta in ya kwashi ƙura. Baƙin man mota kuwa ko kusa.

Kada ka mayar da ƙota ba ka leƙa cikinta ba. In ka ga wani wuri a katakon ya yi sheƙi ko baƙi, wani ƙarfe ne ke gogarsa. Katako kan kumbura da damina ko in ya sha mai, wani lokaci kuma mai ita na da ne ya ɗaure noti fiye da kima har ƙota ta matso. Alamarsa ita ce bindiga ta yi aiki lafiya tsirara, in an sa ƙota ta koma gidan jiya. Kankare wurin kaɗan da samfefa ya isa. In za ka ɗaure noti, ɗaure shi ya kama sosai amma ba ɗaurin tayar mota ba.

In da bakin ɗaya ne ya ƙi

Da gwajin mazaɓi ya nuna baki ɗaya ne mai taurin kai, da wata hanyar za a bi, kuma galibi bakin ƙasa ne. Dalili shi ne a yawancin ƙira allurarsa a karkace take zaune, dukan guduma ba ya isa cibiya a miƙe, kuma shi aka fi farawa da shi, ya fi ɗan'uwansa shan aiki. Dubi kan allurar da kyau: ya kamata ya zama zagayayye sumul. In ya guntule, ya yi tsini, ko tsatsa ta ci shi, sai sauyi. In an tura ta daga baya takan leƙo kamar milimita ɗaya da rabi, amma ya fi sauƙi ka gwada ta da 'yar'uwarta. Ramin allura ma kan cika da datti ya rage mata gudu, wanki na iya warkar da shi. In ka wanke cibiya na nan da ɗan lotsawa marar zurfi, sifirin ɗin guduma ya gaji. Kada ka ja shi don ya ƙara tsawo, kada ka cusa masa wasa a baya. Sabo ake sawa, kuma biyun tare. Sifirin ɗin nan a matse yake da ƙarfi, in ya kuɓuce yana iya cire ido, don haka ni a nan nake miƙa aiki ga masu shi.

Duba katakon gaba ma. In yana girgiɗi a kan bututu, ƙarfensa ba zai tura sandunan ɗana guduma har ƙarshe ba.

Abin da Baba ya nuna mini

Bayan wanki, ɗan lilo ya koma tsalle kamar fara. Amma da nake ciki na lura jan kunamar bakin sama ya fi na ƙasa nauyi, na kuma ga ƙugiyar da ke riƙe gudumar a fili, sai zuciya ta ce ɗan goga da zarto kaɗan zai daidaita su. Har na ɗauko zarton. Allah ya taimake ni magariba ta yi, na ajiye. Washegari na ɗauki bindigar da takardunta na kai wa wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da makamai a aikin gwamnati, yana kuma da izinin gyara.

Na gaya masa abin da na so yi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, da ka goga, da ka kawo mini gawa. Taurin ƙarfen nan a fatarsa yake. Ka kankare fata, na ciki laushi ne, wata biyu ya cinye. Ranar da za ka rufe ta da ƙarfi, ita za ta harba kanta."

Na ce, "Baba, ai kaɗan na yi niyya."

"Duk wanda ya zo nan da gyaran gangar Auzinawa, kaɗan ya yi niyya."

Sai ya yi mata binciken da ya kamata in yi tun ranar ciniki. Ya cire katakon gaba, don shi kan ɓoye sassauci, ya riƙe ta a ƙota ya girgiza gefe da gefe, yana saurare da hannu. Ba motsi. Ya ɗaga ta ga hasken ƙofa yana neman ko haske na ratsawa tsakanin gindin bututu da fuskar uwar ƙarfe. Babu. Ya nuna mini liba: in ka dube ta daga baya bindiga na rufe, a sabuwa takan tsaya ɗan dama da tsakiya, tana matsowa tsakiya yayin da sakatar ciki ke cinyewa, in ta ƙetara hagu lokacin sauya sakata ya yi. Tawa tana dab da tsakiya, ya ce da sauranta. Ya juya ƙugiyoyin bututu yana neman tabon guduma ko na ƙusa, don wasu masu sayarwa kan daddaki ƙarfen ya bazu, bindiga ta yi tsam na kwana biyu. Ya rataye bututun a yatsa ya ƙwanƙwasa da bayan farce, suka yi amo kamar ƙararrawa. Ya ce in amon ya mutu ko ya yi zizar gwangwani, liƙin dogon ƙarfen da ke tsakanin bututu ko bisansu ya saki. Ya shafa su da yatsu daga gindi har baki yana neman kumburi ko lotsawa.

Sannan ya gwada sefti da harsashin bogi. Ya sa sefti, ya ja kunama da ƙarfi, ya saki, ya cire sefti: ba abin da ya faɗi. Ya buɗe ya rufe da ɗan ƙarfi. Ya dunguri gindinta a kan buhu, sefti a cire. Guduma ba ta motsa ba. In ko sau ɗaya guduma ta faɗi a ɗayan waɗannan, ko bindiga ta taɓa tashi baki biyu a ja ɗaya, kada a sake sa mata harsashi sai ƙwararre ya gani. Wani lokaci dattin ɗan lilo ne ke sa tashin baki biyu, wani lokaci ƙugiya ce ta cinye, kuma ba mai gane wanne ne daga waje.

Abu ɗaya ya kama ni da shi. Ya tambayi harsashin da nake sawa, na ciro kwali biyu daga jaka. Ɗaya an rubuta 70, ɗaya 76. Ya juya bututu ya nuna mini hatimin da ke kusa da gindi: 12/70. Tsawon da ake rubutawa a kwali tsawon kwanso ne bayan ya buɗe, shi ya sa mai milimita 76 da ba a harba ba yake shiga mazaunin 70 lafiya lau, ya rufe, kai ka ce nasa ne. In ya tashi bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, matsi ya hau. Ni kuwa kyauta aka ba ni kwalin nan, ban ko karanta ba. Ya ƙara da cewa kada harsashin lamba 20 ya taɓa kwana aljihu ɗaya da na 12, don yakan zurma cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, a ɗora na 12 a bayansa ba a sani ba. Kwalin 76 a wurinsa na baro shi.

Sauran ƙananan cututtuka ba sa buƙatar dogon bayani. In tana wuyar buɗewa bayan harbi kuma ka ga ƙwarzane ya ja layi a cibiya, allura ce ba ta koma ciki da wuri ba, datti ko gajiyayyen sifirinta. In kwanso na maƙalewa, goge mazaunin harsashi da buroshi, tsatsa da ragowar roba ne. In ta ƙi rufuwa, leƙa ƙarƙashin ƙarfen da ke tofo kwanso, ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan hakin ciyawa ya isa. Kada ka danne ta da ƙarfi don ta rufu.

Nauyin kunamar sama, Baba ya ce in bar shi, bambancin bai kai a taɓa ba. Ƙotar da ta sha mai a baki ya ce in riƙa ajiye bindigar baki ƙasa, a cikin jakarta, don abin da ya rage ya gangara waje maimakon cikin katako, kuma zanzaro ya rasa ƙofa.

Asabar ta gaba na koma bakin gonar da sassafe, da gangan, don in same ta cikin sanyi irin na ranar. Harsashi takwas: huɗu ƙasa sannan sama, huɗu sama sannan ƙasa, duk suka tashi bi da bi. Na tsince kwanson takwas na jera a kan murfin akwatin babur. Ramin cibiyar bakin ƙasa ya ɗan gaza na sama zurfi, kaɗan ƙwarai, sai an karkata ga haske ake gani. Na ɗauki biyu, ɗaya na kowane baki, na rubuta wata da shekara a jikinsu, na sa a gwangwanin madara. In kaka ta zagayo zan jera su da sababbi in ga ko sifirin ɗin ƙasa ya ƙara yin sanyi.